Ranar da na buɗe fayil ɗin .o

Na shafe kusan shekara uku ina rubuta C ban taɓa leƙa cikin fayil ɗin .o ba. A wurina tarkace ne da gcc, shirin da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura, ke zubarwa a hanya, in sun taru in buga make clean su tafi. Dole ce ta sa na buɗe shi. Muna aikin wata 'yar na'ura mai lura da cajin batirin sola, a kan cif ɗin STM32F103C8, mai filash (inda shirin ke zama) kilobayit 64 da RAM kilobayit 20. Wata safiya linka, mai haɗa fayilolin .o su zama shiri guda, ya ƙi haɗa aikin, ya ce filash ya cika. Ogana ya ce, "Rubuta mana abin da zai bi fayilolin nan ya nuna mana wa ke cinye wurin, fonshin bayan fonshin."

Da farko na ce zan karanta bayit ɗin da hannuna. Tsarin ELF, wanda fayilolin .o ɗinmu ke bi, ba ɓoyayye ba ne: bayit huɗu na farko 0x7f ne da haruffan E, L, F, na biyar ya faɗi ko fayil ɗin na bit 32 ne ko 64, na shida ya faɗi ta wane gefe ake jera lambobi. Sai dai na ɗauki Elf64_Ehdr, fasalin kan fayil na bit 64 irin na kwamfutata, mai bayit 64, na ɗora a kan fayil ɗin ARM, irin na na'urarmu mai bit 32, da kansa bayit 52 ne kacal. Lambobin da suka fito ba kai ba gindi.

Nan na koma libelf, laburaren karanta fayilolin ELF. Ayyukanta masu farawa da gelf, irin su gelf_getshdr da gelf_getsym, sun ɗauke min wahalar bambanta 32 da 64. Ita ma sai da ta ja min rai, don elf_begin ya yi ta dawo da NULL har na gano ba a taɓa komai kafin a kira elf_version(EV_CURRENT).

Babban kuskuren ya zo ne bayan komai ya fara aiki. Rahotona ya nuna wata ma'ajiyar bayanai mai bayit 8192 a saman jeri. Na yi rabin yini ina rage ta, na sake haɗawa, filash bai ragu ko da bayit ɗaya ba. Ogana ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sa yatsa a allo. "Duba nau'in sashen nan, me aka rubuta?" SHT_NOBITS. Sashen .bss ne: yana faɗin girmansa, amma babu komai nasa a cikin fayil, wuri kawai ya kama a RAM da za a cika da sifili lokacin tashi. libelf ba ta yi min ƙarya ba. Girma na tambaya, girma ta ba ni. Ni ne ban tambayi inda abin zai zauna ba. Shi kuwa .data, sashen bayanai masu ƙimar farko, da na raina, baki biyu yake ci: ana ajiye ƙimominsa a filash, sannan a kwafe su zuwa RAM.

Wannan ya sauya yadda nake kallon .o gaba ɗaya. Aiki ne da ba a ƙarasa ba, kamar yadin da tela ya yanka bai ɗinka ba. Adireshin da ke teburin .symtab, jerin sunayen fonshin da bayanai, nisa ne daga farkon sashe, ba wurin zama na ƙarshe ba. Duk inda aka kira fonshin na waje, gurbi aka bari da 'yar takardar umarni a sashen .rel, linka ya zo ya cike. Akwai ma ranar da na ga adireshin fonshin sun fito mara, na ɗauka lissafina ne ya karkace, ashe a ARM bit na ƙarshe alama ce ta umarnin Thumb, salon umarnin da na'urar ke gudanarwa.

Mai cin wurin kuma ba ya cikin fayilolinmu sam. A teburinmu printf, fonshin buga rubutu, layi ɗaya ne mai alamar SHN_UNDEF, wato ba a nan jikinsa yake ba, girmansa sifili. Jikinsa yana cikin libc.a ta newlib, laburaren C da muke amfani da shi, kuma da linka ya jawo shi sai ya taho da duk kayan buga lambobi masu ɗigo. Sai da na koya wa shirin buɗe .a, yana bin 'ya'yan cikinta da elf_next, sannan na ƙara wa filash girma a rubutun linka na wucin gadi don .elf na ƙarshe ya fito in gwada su, kafin na gan shi ƙuru-ƙuru.

Muka koma newlib-nano, ƙaramin samfurin newlib, da --specs=nano.specs, muka daina buga bolt 12.6, muna buga 12600 a milibolt. Da la'asar aikin ya shiga filash har da sauran wuri, na mayar da ma'ajiyar nan girmanta na da.