Abin da Taga Ta Nuna da Abin da Fim Ya Ɗauka

A kyamarar fim mai ma'aunin nisa, irin su Leica M, idanu biyu ne ke kallon abin da za a ɗauka. Ɗaya naka ne, ta 'yar tagar leƙe da ke sama a gefen hagu. Ɗayan kuwa gilashin gaba ne, kuma shi kaɗai ke kai haske kan fim. 'Yar tazarar da ke tsakaninsu ita ce tushen matsalar. Miƙe yatsa gabanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya zuwa ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Idan abu yana nesa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma da ka matso kamar mita ɗaya, sai a wanke fim ka tarar an yanke wa mutum saman kai.

Maƙera sun yi ƙoƙari. A Leica M3, wadda ta fito a 1954, layukan iyaka masu haske da ke cikin tagar, masu nuna gefen hoto, na gilasan milimita 50, 90 da 135, suna zamewa ƙasa zuwa dama yayin da kake murza zoben nisa. Sai dai matsawa kawai suke yi, girmansu ba ya canzawa, alhali gilashi yana ƙara fitowa waje idan an saita shi kusa, filin da yake gani ya ragu. An auna layukan ne da ɗaukar kusa, shi ya sa a hoton nesa nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, ke kwaso abin da ya wuce layi. Wannan da sauƙi, domin ana iya datse rarar wajen bugawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne saɓanin da babu layin da ke gyara shi. Layi yana gyara gefen hoto ne kawai. Yadda abin gaba ya zauna a kan abin baya kuwa, ya dogara ne ga inda ido yake tsaye. Ka tsai da mutum, ta taga ka ga turken fitilar da ke bayansa ya kauce wa kafaɗarsa sarai, amma a fim ka same shi ya tsiro daga kunnensa. Haka ɗauka ta ramin shinge ko ta tsakanin ganye. Abin da nake yi yanzu, in na gama tsara hoto irin wannan, sai in ɗaga kyamarar kaɗan in matsar da ita hagu, har gilashi ya zo daidai inda taga take ɗazu, sannan in danna. Motsin bai wuce faɗin yatsu biyu ba, amma shi ke raba hoto mai tsabta da mai cunkoso.

Kowace kyamara kuma da halinta, don haka nake gwada ta kafin in amince mata. Ba tare da fim ba, a kafa ta kan mazauni mai ƙafa uku tana fuskantar bango, a manna salatif inda layukan suka tsaya, a buɗe bayanta, a sa ta a B, saitin da ke barin labulen da ke tare wa fim haske a buɗe muddin an danne maɓallin ɗauka, a ɗora siririyar takarda mai barin haske ya ratsa ta kan ramin fim mai milimita 24 da 36. Hoton zai fito a kife, ka ga da idonka nawa ya ƙaru, kuma ta wane gefe. A yi a kusa, a sake a nesa.

Duk da haka ina son wannan taga ƙwarai, saboda tana nuna abin da ke wajen layi: kana ganin mai tafiya tun kafin ya shigo hoto, ka jira shi. In kuwa aikin kwafar takarda ne ko zane, inda gefe ke da muhimmanci, nakan koma kyamarar da ake leƙawa ta cikin gilashinta, kamar Nikon F ta 1959, wadda ke nuna duk abin da zai hau fim.