Hutun zango na biyu tsakanin Maraɗi da Damagaram: yadda albashina ya narke a bakin iyaka

Malamin makaranta ba shi da lokacin ziyarar dangi sai hutu, kuma a cikin hutu ukun da muke samu a shekara, na zango na biyu shi ne wanda na keɓe wa zumunci, domin dogon hutu na damina gona ce take cinye shi, na Disamba kuwa bukukuwan gida ne. A shekarar 2024 hutun ya haɗa da ƙaramar Sallah, wadda muka yi ranar Laraba, 10 ga Afrilu, kuma ya zo daidai da buɗe iyakar Najeriya da Nijar. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, da takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba, ba mu sake ganin danginmu na can ba sai ta waya. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ɓangaren ranar 22 ga watan, ni kuwa tun daga ranar na fara shirin zuwa Maraɗi wajen gwaggona, da Dakwaro wajen wani kawuna da tsufa ya kama, sannan Damagaram wajen abokina da muka yi karatu tare a Jami'ar Bayero, wanda yanzu yake koyarwa a can.

Guzurina kwasar adashi ce da muke yi a ɗakin malamai, na haɗa da abin da na rage daga albashin Maris. Na zauna na rubuta sunan kowa da abin da zan ba shi, tsofaffi da kuɗin goro, yara da barka da Sallah, na ware kuɗin mota da na abin da ba a rasa ba, na ga har da saura. A Kantin Kwari na sayi atamfa da shadda kaɗan, a Kurmi na sayi turare da hula, amma yawancin abin da na tanada kuɗi ne a hannu, naira, kamar yadda na saba tun ina saurayi.

Daga Kano zuwa Katsina babu abin faɗi, na kwana a gidan ƙanwata. Hanyar Jibiya kuwa a lokacin da safe ake bin ta saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin, don haka da hantsi muna Magama. A nan ne direba ya waiwayo ya ce mana duk mai naira ya canza ta yanzu, domin daga Ɗan Isa, garin bakin iyaka na ɓangaren Nijar, zuwa gaba ba kowa ne zai karɓe ta ba, wanda zai karɓa ma sai ya yi mata kuɗin da ya ga dama. Maganar ta ba ni mamaki ƙwarai, domin Maraɗin da na sani gari ne da kake shiga kasuwa da naira ka yi cinikinka ka fito, mai kabu-kabu ya karɓa, mai shayi ya karɓa. Direba yana matsa hon, rana ta fara zafi, wani ɗan canji ya matso da damin kuɗi a hannu. Na miƙa masa mafi yawan abin da ke aljihuna, ya danna na'urar lissafinsa, ya ƙirgo mini sefa. Da na karɓa sai na tsaya ina jiran sauran, ya ce ai ke nan. Damin da ya cika mini aljihu ya koma 'yan takardu da na iya naɗewa da yatsu biyu.

Ba wai ban san naira ta faɗi ba. Duk wanda ke zaune a Najeriya ya ga abin da ya biyo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira da Babban Banki ya yi a watan Yuni kasuwa ta yanke mata daraja, har a watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage. Amma a Kano muna auna faɗuwar ne da kwanon shinkafa da litar mai, a hankali take cin mu, wata bayan wata. A bakin iyaka kuwa a cikin minti ɗaya take nuna maka kanta gaba ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, kowace yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi sai yuro ta motsa, saboda haka duk abin da naira ta rasa a kasuwannin duniya sai ka tarar da shi yana jiranka a Ɗan Isa. Lokacin da nake zuwa hutu Maraɗi ina ɗalibi, jika guda, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 300 ba, mu ne masu kuɗi in mun je, mu ne ake rakawa kasuwa. A wannan tafiyar jikar nan ta doshi naira 2,000.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da na isa na gane shi. Ɗan gwaggona, wanda yake da shago a babbar kasuwar Maraɗi, ya tambaye ni nawa aka canza mini, da na faɗa masa ya yi salati ya ce an ƙware ni, domin a cikin gari a ranar farashin bai kai haka ba. Muka lissafa abin da mutumin nan ya ɗora mini a kan kowace jika, muka tara, sai ga shi ya kai kuɗin motar Dakwaro zuwa da dawowa har da abin da zan ajiye wa kawu. Mutum ya ga baƙo da jaka, ya ga direba yana gaggawa, ya san ba ka da zaɓi, ya yanka maka yadda yake so. Har yanzu idan na tuna fuskarsa, da yadda ya kira ni Alaramma yana murmushi, sai raina ya ɓaci.

Gwaggo ta tarbe ni da guɗa. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take cewa. Aka kawo fura mai sanyi, aka yanka zabi, maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa ana tambayar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Sun ba ni labarin watannin da aka rufe iyaka, yadda wuta ta ɗauke bayan Najeriya ta yanke layin da ke ba Nijar mafi yawan lantarkinta, yadda magani ya yi wuya, yadda masu sayar da man ruwa-ruwa a bakin titi suka shiga wani hali tun da man Najeriya ya daina araha. Ni da nake koyar da tarihi, nake gaya wa ɗalibaina cewa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, cewa har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin garin, sai na ji nauyin abin a jikina, domin tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Katsina ita ce aka toshe mana sama da wata bakwai.

Washegari da safe na fito da takardar sunayena, na zauna a ɗaki ina ragewa. Wanda na rubuta wa abin da a Kano za a kira kyauta ta mutunci, da na mayar da shi sefa sai ya zama abin da ba zai sayi sabulu da sukari ba. Na shiga ɗakin Gwaggo na durƙusa na ajiye mata abin da ya samu, na ce, "Gwaggo, ga wannan a sayi goro, a yi haƙuri, ba yawa." Ta dube ni ta ce, "Babana, mayar da kuɗinka aljihu. Mun san halin da kuɗinku yake ciki, kullum muna ji a rediyo. Ƙafarka da ka tako ita muke so." Na yi ta roƙo kafin ta karɓi rabi. Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, amma namijin da ya zo daga Kano, ma'aikaci, a ce gyatumar da ya kamata ya ɗauke wa nauyi ita ce take tausaya masa, wannan abu ne da ya tsaya mini a wuya har na bar garin.

Abin da ya fitar da ni kunya shi ne 'yan kayan nan da na saya ban ɗauke su da muhimmanci ba. Atamfar Kwari da turaren Kurmi da hulunan, da naira na saye su a farashin Kano, kuma da suka tsallaka iyaka darajarsu ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Matan gidan suka yi ta juya atamfar suna faɗin abin da ake sayar da irinta a kasuwarsu. Duk malamin da zai yi irin wannan tafiya da albashin naira, ina ba shi shawara da babbar murya ya mayar da kuɗin kyautarsa tsaraba tun daga gida, ya bar kuɗin mota kawai. Sai dai ya guji hatsi, domin a lokacin ana tsare kayan abinci masu fita daga ƙasa saboda tsadar da ake fama da ita. Sefar da zai buƙata kuwa ya saye ta a Wapa kafin ya bar Kano, inda 'yan canji suke da yawa, yana iya tambayar uku ko huɗu ya zaɓa, ko kuma ya canza kaɗan a iyaka ya bar sauran sai ya shiga gari ɗan'uwa ya raka shi. Ya kuma riƙe fasfo ko takardar tafiya da katin rigakafi a kusa, domin shingaye suna da yawa, kuma duk abin da aka ce ka biya a can da sefa za ka biya.

Dakwaro ban je ba. Na kira kawu a waya na ce masa uzuri ya taso, ya ce, "Ba komai ɗana, Allah ya kaddara saduwa," sai daga baya na ji cewa tun jajibirin ranar aka share mini ɗaki, aka kama ɗan akuya aka ɗaure. Ban iya gaya masa gaskiyar dalilin ba, domin da ya ji da ya aiko mini da kuɗin mota, ni kuwa ba zan iya karɓa daga hannunsa ba. Duk lokacin da na ce ɗan canjin nan ya cuce ni, wannan nake nufi, ba 'yan takardun da ya riƙe ba.

Hanyar Damagaram ta Tasawa da Takeita doguwa ce, sama da kilomita 200, ga zafin Afrilu da ya yi tsanani a wannan shekarar a duk faɗin Sahel. Abokina ya tarbe ni a tasha. Su sun riga sun koma aiki, saboda haka na bi shi makarantarsu na zauna a bayan aji, yara suna kiransa "mushe", wato monsieur na Faransanci, suna ɗaukar darasi da Faransanci, da an tashi kuma su ɓarke da Hausa irin wadda nake ji a Daura. Ya kai ni Birni na ga fadar Sarkin Damagaram, muka zaga Zango, ya tuna mini cewa garin ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Da dare muka zauna a tabarma muna kwatanta albashi kamar yadda malamai suka saba. A da idan muka yi wannan hira shi ne yake cewa mun more, a wannan karon da muka mayar da nawa sefa sai muka yi shiru mu duka biyu. Shi ma yana da kukansa, ajinsa cike yake maƙil, 'yan kwantaragi a cikinsu suna daɗewa ba a biya su ba, amma abin da ya karɓa a wannan wata shi ne abin da zai karɓa a wata mai zuwa, darajarsa ba ta zube a hanya.

Da zan tafi kuɗina bai kai ni gida ba. Ban roƙa ba, shi ne ya lura, ya cusa mini sefa a aljihu ya ce, "Malam, tsakaninmu babu wannan." Na ce ba zan karɓa ba sai a matsayin rance, muka yi ta ja har ya yarda. Na biyo ta Matamaye na shigo ta Kwangwalam, na ratsa Daura da Kazaure na iso Kano ana gobe komawa makaranta.

Rancen da sefa na karɓe shi, da sefa kuma ya wajaba in biya. A tsakiyar Afrilu, lokacin da nake can, naira ta ɗan farfaɗo har dala ta sauko kusa da 1,100, amma kafin albashin Mayu ya shigo ta sake zamewa zuwa wajen 1,500. Ranar da na je Wapa in sayi sefar da zan aika masa, sai da na ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan abin da na lissafa a Damagaram, kuma daga kuɗin da na fara tarawa na zuwa Dakwaro na ciro cikon.