Abin da kwayil ɗin raba taragu ya koya mini

A ɗakin gwajin lantarki da nake aiki a Katsina akwai teburin da muka shimfiɗa wa ƙaramin layin dogo, samfurin da ake kira HO, wanda komai nasa kashi ɗaya ne cikin 87 na jirgin gaske. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne, wato faɗin nan na milimita 1,435 aka ƙanƙance, irin na layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Ɗalibanmu da yawa ba su taɓa ganin an cire tarago daga jikin ɗan'uwansa ba, don tsohon dogo ta Funtuwa ya bi, bai iso birni ba. Shi ya sa na nace sai teburin ya riƙa raba taragu da kansa, ba tare da kowa ya sa hannu ba.

Ƙugiyoyin da ke haɗa taragunmu na kamfanin Kadee ne, an kwaikwayo su daga wadda Eli Janney ya yi wa rajista a Amurka a 1873. Kowace tana da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashinta. In taragu biyu suka tsaya a kan maganaɗisu, sai ya ja wannan ƙarfe gabas, ya ja wancan yamma, bakin ƙugiya ya buɗe. Maganaɗisu na dindindin ya fi araha, amma ba ya tambaya: duk jirgin da ya ɗan sassauta a kansa zai iya barin rabin taragunsa a baya. Don haka a layin da jirgi ke wucewa kullum, kwayil, wato naɗin waya, ake binnewa ƙarƙashin dogon, ba ya zama maganaɗisu sai an ba shi wuta.

A nan darasin ya fito, kuma mitar auna wuta ce ta fito da shi. Kan jirgin duka, da motarsa da fitilunsa, da wuya ya wuce rabin amfiya. Shi kuwa kwayil ɗin, da ba ya aiki sai na ɗan daƙiƙoƙi, kusan amfiya 3 yake ja a bolt 16. A buga lissafi: wat 48. Kusan wutar da ƙarfen soda na mai gyaran rediyo ke ci ke nan, ga shi kuma a manne da robar da ke riƙe da dogo. Duk shawarar da muka yanke daga baya, wannan lissafin ne ya haife ta.

Mun ware masa nasa tushen wuta, don in ya sha daga na dogo, kana danna maɓalli jirgi zai yi sanyi ko ya tsaya cak. Mun sa waya mai kauri, muka gajarta ta, saboda siririyar waya mai tsawo tana cinye bolt ɗaya ko biyu kafin wutar ta isa. Raguwar da ido ke rainawa ke nan, alhali jan maganaɗisu yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi. Mu da muke zaune da wutar Nepa mai hawa da sauka mun san wannan a jikinmu: da taransifoma zalla, ƙugiya ta buɗe da safe, da yamma in wuta ta yi ƙasa ta ƙi. Sai da muka koma ga na'urar da ke tsayar da ƙarfin wuta wuri ɗaya.

Makunnin da ake kunnawa a bari kuwa haramun ne a kan wannan kwayil. Maɓalli ake so, wanda da ka ɗage yatsa wuta ta yanke. Amma ko shi bai gamsar da ni ba. Ɗalibin da hankalinsa ke kan jirgi zai danne maɓalli rabin minti bai sani ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya tsara wayoyin ne ya kamata ya hango haka. Wani dattijo mai naɗin kwayil ɗin fanka da injin ban ruwa a wajen Ƙofar Ƙaura ya taɓa nuna mini cewa ba rana ɗaya kwayil ke ƙonewa ba, fentin jikin wayar ne ke gasuwa kaɗan-kaɗan har wayoyi su haɗu. A watan Afrilu, da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwayil ba ya ma samun hucewa tsakanin aiki da aiki. Sai muka sa ƙaramar na'urar ƙidayar lokaci mai lamba 555, da rizisto mai kilo-om 100 da kafasito mai maikurofarad 47. Wannan haɗi yana ba da daƙiƙa biyar da 'yan kai. Dannawa ɗaya ta tayar da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, rile ya ba kwayil wuta, lokaci na cika ya yanke. A bayan kwayil ɗin rile mun sa dayod 1N4007, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a juye, don kwayil in aka yanke masa wuta farat ɗaya yakan mayar da tartsatsi mai ƙarfi da ke kashe taransisto.

Duk da haka wuta rabin aikin take yi. Muddin taragu na jan juna, ƙugiya ba ta buɗewa ko nawa aka ƙara amfiya. Dole mai tuƙi ya tsaya daidai kan kwayil, ya ɗan koma da baya har ƙugiyoyin su saki jiki, sannan ya danna. In ya ja gaba kaɗan ya dawo wuta na nan, bakunan za su haɗu a karkace ba su kama ba, sai ya tura taragon har inda yake so ya aje shi. Wannan ne ya fi burge ɗalibai, shi ne kuma ya fi cin lokaci kafin hannu ya faɗa.

Ranar da aka zo mini da ƙarar cewa kwayil ya mutu, ba mita nake fara ɗauka ba. Nakan duba ɗan ƙarfen nan na ƙasan ƙugiya, wanda ya kamata ya tsaya kimanin milimita 0.8 a saman dogo, sannan in duba ƙurar hunturu da ke toshe mahaɗar ƙugiyar. Ba a sa mata mai, mai ƙura yake kira. Garin bakin fensir ake ɗan hura mata. Taragon da gatarin ƙafafunsa na baƙin ƙarfe ne kuma, maganaɗisu kan fizge shi ya ɓata tsayuwar, sai an canza masa ƙafafu da waɗanda maganaɗisu ba ya kamawa.