Laimar kwaɗi ba tsiro ba ce: darussa daga ɗaukar hotonta

A Sakkwato lokacin laimar kwaɗi gajere ne, daga Yuli zuwa farkon Satumba, kuma watan Agusta ya fi albarka. Washegarin ruwan dare ake fita, kafin ƙarfe 8 na safe. Fadamar Kwalkwalawa, gindin suri, tsohon kashin shanu da ruɓaɓɓen kututturen dogonyaro su ne wuraren dubawa. Wadda ke fitowa a kashin shanu ba ta jiran kowa. Wani irin nata kan narke ya koma baƙin ruwa kamar tawada kafin azahar.

Darasin farko shi ne a daina nemanta kamar ganye. Tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana, ita kuwa ba ta da sinadarin kore, sai dai ta narkar da matattun abubuwa ta tsotse. Danginta su ne funfunar burodi da yis, kuma bangon ƙwayoyin jikinta na irin sinadarin da ke ɓawon fara ne. Tun 1969 masanin halittu Robert Whittaker ya ware musu rukuni dabam da tsirrai, bincike na baya kuma ya nuna sun fi kusa da dabbobi. Laimar da ake gani ɗa ce kawai, uwar tana ƙasa, farin zare ne da ya ratsa itace ko taki. Don haka hoton da bai nuna abin da take tsaye a kai ba rabin hoto ne.

A ajiye kyamara ƙasa bisa ƙaramar jakar gero, a sa ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) a 100, buɗin ido f/8 zuwa f/11, da jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta. Mai waya ya juya ta kai ƙasa don kyamarar ta matso kusa da ƙasa. Farar laima kan rikita kyamara hoton ya ƙone, sai a rage haske kaɗan. Filasha kai tsaye tana shafe zanen jikinta. Farar takarda a gefe, wadda za ta maido mata da haske, ta fi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar sama kaɗai. A sa ƙaramin madubi a ɗauki ƙasan laimar, a jera rula kusa, sannan a tono gindin gaba ɗaya da wuƙa, ba tsinkewa ba, domin wasu masu dafi jakar da ke gindinsu ce shaidarsu. A fara zungurar wurin da sanda, kunama ma damshi take so.

A gida a kifa hular laimar a takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi ta kwana. Garin da ya zubo shi ne irinta, launinsa kuma na taimakawa wajen tantancewa. Amma hoto, komai kyansa, ba ya halatta ta shiga tukunya.