Kruszyniany, da tambayar Kawu

Asabar. Sanyi har cikin ƙashi, amma dai mun je Kruszyniany, wani ƙauye a ƙasar Poland mai tsohon masallaci, kamar yadda muka tsara. Daga birnin Bialystok aka nausa gabas, tafiyar kamar awa guda ta cikin daji, ana wuce garin Krynki sai ga ƙauyen, dab da iyakar Belarus. Gidajen katako jere a bakin hanya, gari tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Masallacin ɗan ƙarami ne, kore, shi ma na katako. Ba don jinjirin watan da ke samansa ba, sai ka rantse cocin ƙauye ne. Ƙofar maza daban, ta mata daban. Maƙabartar tana cikin bishiyoyi, tsofaffin duwatsun da rubutun Larabci, gansakuka ta cinye rabin wasu.

Da yamma na tura wa Kawu hotuna, nan take ya kira.

"Kai, 'yan gudun hijira ne suka gina wannan?"

Na ce a'a Kawu, mutanen Tatar ne, Musulmi, sojojin doki. Sarkin Poland Jan Sobieski ne ya kasa biyansu albashi, bashi ya taru, sai ya biya su da ƙasa a 1679. Shekara 75 ke nan kafin a haifi Shehu ɗan Fodiyo. Ya yi dariya har da tari, wai ashe cin albashin ma'aikaci tsohuwar sana'a ce, amma wannan sarkin ya yi kunya tunda ya ba da gona.

Sai bakina ya ja ni, na ƙara da cewa a 1683 Tatar ɗin sun bi sarkin zuwa Vienna, suka taya shi yaƙar Turkawa. Dariyar ta tsaya.

"Musulmi suka ɗaga wa Musulmi takobi saboda gona?"

Na ce ai ƙasarsu ce ta zama, nan suke binne iyayensu. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya koma tambayar ko ina cin abinci. Na san Kawu, bai gamsu ba. Abin da ke cina shi ne, a yau gidajen Tatar kaɗan ne suka rage a ƙauyen, sai da Sallah jikoki ke tahowa daga birane su cika masallacin. Mutanen da suka riƙe salla sama da shekara 300 a tsakiyar Kiristoci, shi Kawu a minti ɗaya ya yanke musu hukunci daga kan tabarmarsa.

Wanki na nan jibge. Litinin gwaji, ko buɗe littafin ban yi ba.