Hinxton, Ƙauyen da Ba a Kwana da Sakamako

Barci ne ya sace ni a jirgin ƙasan da na hau daga tashar Liverpool Street a Landan. A Great Chesterford aka ce in sauka, ban farka ba sai da muka tsaya a Whittlesford Parkway. Na diro a rikice, jaka a kafaɗa, ana yayyafi mai shiga ƙashi. Da na nuna wa mai tasi adireshin, sai ya yi murmushi ya ce ai nan ma kusa ne. Gaba ta kai ni ke nan.

Hinxton ƙaramin ƙauye ne a kudancin Kambirij. In ba an faɗa maka ba, ba za ka ce a bayan waɗannan gonaki aka karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na kundin halittar ɗan Adam ba, wanda haruffansa suka kai biliyan 3. Harabar gidauniyar Wellcome tana ɗauke da manyan gidaje biyu: cibiyar Sanger, inda injuna ke karanta DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da haruffan kundin halitta, da EMBL-EBI, rumbun da ake tara abin da aka karanta. Gefe guda ga tsohon gidan Hinxton Hall, can ƙasa kuma kogin Cam na wucewa ta cikin fadama. Kwas na mako ɗaya ya kai ni, kan nazarin kundin halittar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Tun ranar farko na ji ana ta ambaton Bermuda. A tsibirin ne, a Fabrairun 1996, shugabannin aikin kundin ɗan Adam suka amince cewa duk jerin haruffan da aka haɗa za a sake shi ga kowa cikin awa 24. John Sulston, shugaban Sanger na farko, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka. Wanda bai taɓa aikin bincike ba zai ga abin da sauƙi. Mu da muka san yadda mutum ke rungume sakamakonsa kamar kaza da ƙwai har sai takardarsa ta fito, mun san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Sulston ya taso ne cikin masu nazarin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, C. elegans, mutanen da suka saba aika wa juna abin da ba su riga sun wallafa ba. Da kamfanin Celera ya shigo tseren karanta kundin a 1998 da niyyar sayar da damar duba bayanai, sai dokar ta zama garkuwa, don abin da ya riga ya bazu a duniya ba ya mallakuwa. An sanar da daftarin farko a Yunin 2000, aka kammala a Afrilun 2003. Har yau rumbuna uku, na Hinxton, da GenBank na Amurka, da DDBJ na Japan, suna musayar abin da aka zuba musu kullum.

A rana ta uku abin ya daina zama tarihi a wurina. Muna ɗakin kwamfutoci, wadda ke zaune kusa da ni 'yar Indunusiya ce, aka ce mu buɗe wani ɗigon gado, wato yanki na kundin ƙwayar zazzaɓin, mai suna kelch13. Layuka ne jere a allo, A, C, G, T, samfuri bisa samfuri, duk iri ɗaya har ido ya gaji. Ina ja ƙasa, sai ga harafi ɗaya ya sauya launi a wasu layukan. Ta ɗora bakin bironta a kan gilashin, daidai wurin, ba ta ce komai ba. Wannan canjin shi ne alamar ƙwayar da ta fara jure wa artemisinin, maganin da duniya ta dogara da shi. A 2014 aka gano alaƙar, daga samfuran Kambodiya. A 2020 aka ba da rahoton wani canji a ɗigon gadon a Ruwanda, wanda ya ɓullo da kansa, ba daga Asiya ya zo ba. Na zauna ina tunanin cewa wani ma'aikacin jinya da ba zan taɓa gani ba ne ya ɗebi jinin nan, wani ya karanta, wani ya zuba a rumbu, ni kuma na buɗe ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Amma kada in yi ta yabo kamar maroƙi. Da dare, a zauren hira, gardama ta kaure. 'Yar Indunusiyar nan ta tuna mana cewa a 2007 ƙasarta ta daina ba da samfuran murar tsuntsaye, domin ana yin rigakafi da su a wasu ƙasashe, su kuma masu samfurin ba sa iya saye. Sai a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin raba amfanin. Wani ya kawo zancen Omicron, wani nau'in ƙwayar korona: masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka bayyana wa duniya shi a Nuwamban 2021, tukuicinsu shi ne rufe wa ƙasashensu hanyoyin jiragen sama. Wani malamin kwas ɗin ya ce duk da haka, kundin ƙwayar korona da Zhang Yongzhen da Edward Holmes suka saki a Janairun 2020 shi ya sa aka tsara rigakafi cikin 'yan kwanaki. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa.

Ni ma ina da nawa mikin. Shekarun baya mun yi wata shida muna tara samfura, muka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a ƙetare. Da takarda ta fito, sai muka tsinci kanmu a layin godiya, can ƙarshe, da ƙananan haruffa. Tun daga ranar na kulle wasu bayanai a kwamfutata, na ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai ganinsu. Ban faɗa wa kowa wannan a zauren ba.

Ranar Asabar muka shiga Kambirij. Daga tagar jirgi ana hango ginin LMB, cibiyar binciken ƙwayoyin halitta da Georges Köhler ɗan Jamus da César Milstein ɗan Ajantina suka gano yadda ake samar da sinadarin garkuwar jiki (antibody) iri ɗaya tak a 1975. Ba a yi wa dabarar rajistar mallaka ba, kuma yau magungunan kansa da na amosanin gaɓɓai da dama daga gare ta suka fito. Tsohon ɗakin gwajin Cavendish, inda masanan nan Francis Crick da James Watson suka yi aiki, yana wani siririn lungu, Free School Lane, ka wuce shi ba ka sani ba. Mashayar Eagle kuwa cike take da 'yan yawon buɗe ido, kowa na ɗaukar hoton shuɗin allon da ke tuna 28 ga Fabrairun 1953, ranar da aka ce Crick da Watson sun yi shelar gano siffar DNA. Shekaru da yawa allon bai ambaci Rosalind Franklin ba, alhali bayanan ɗakin gwajinta a Landan ne suka haska musu hanya, har wani ya gaji ya ƙara sunanta da hannu. Ashe layin godiya tsohon ciwo ne. Ban daɗe a wurin ba.

Daren ƙarshe na kira tsohon malamina.

"Allah ya gafarta Malam, ina so in zuba bayanan nan a rumbu."

Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke.

"Waɗanda ka rantse a kansu?"

"Su fa, Malam."

"To, ɗana. Amma yaran da suka yi ta yawo da kwalabe suna ɗebowa, sunayensu na ciki?"

Na ce zan sa. Ya ce ba zan sa ba, in sa yanzu, yana kan layi. Na buɗe fom ɗin, yana karanto mini sunayen daga tsohon littafinsa, ina jin ƙarar shafuka. Mutum bakwai ne. A na biyar muka tsaya, shi yana cewa harafi biyu ne a tsakiyar sunan, ni ina cewa ɗaya, sai da ya tashi ya je ya nemo tabaransa.