Mai cutar mantuwa ba zai ce "ina jin zafi" ba

Akwai wata jimla da ake yawan rubutawa a takardar magani wadda ke cutar da masu ciwon mantuwa ba tare da kowa ya lura ba: "a ba shi in ya buƙata". Tsohon da mantuwa ta ci ƙarfinsa ba zai kira ma'aikaciyar jinya ya nemi magani ba, don kalmar ma ta ɓace masa. Sai maganin ya kwana a akwati, shi kuma ya kwana yana nishi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2000 ya gano cewa tsofaffin da suka karye a ƙugu, masu mantuwa mai tsanani, kusan kashi ɗaya bisa uku kawai suka samu na maganin zafi dangin mofin da aka ba waɗanda hankalinsu ke daidai. Alhali karayar iri ɗaya ce.

Zafin yakan fito ta wata hanya. Majinyacin ya ture hannun mai yi masa wanka, ya ƙi abinci, ya yi ta ihu da dare, ko kuma ya yi shiru ya dunƙule wuri ɗaya. Abin takaici, sau da yawa sai a ce rigima ce, a ɗirka masa haloperidol, maganin kwantar da hankali da ke ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan cuta.

A fara da tambayarsa. Da yawansu suna iya amsa gajeriyar tambaya: a taɓa gwiwa a ce "Baba, nan yana ciwo?" Kada a ce ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, ruɗa shi za a yi.

In magana ta gagara, sai a ɗauki PAINAD, ma'aunin zafi na masu mantuwa mai tsanani. Abu 5 ake dubawa: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda jiki ya ƙage, da ko rarrashi yana kwantar masa da hankali. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 10. Inda ake kuskure shi ne a auna shi yana kwance lakadan. A dube shi lokacin da ake juya shi ko canja masa kaya, nan ne fuska ke yamutsewa, hannu ya damƙe zanen gado.

Sai neman tushe. A dafa mara ko fitsari ne ya taru. Yaushe ya yi bayan gida? A haska baki da tocila saboda ruɓaɓɓen haƙori, a duba dunduniya da ƙasan baya saboda gyambon kwanciya.

Magani kuwa a kan agogo za a bayar. Farasitamol giram 1 duk awa 6 zuwa 8. In nauyin majinyacin bai kai kilo 50 ba ko hantarsa ta raunana, a rage zuwa miligiram 500. Ibuprofen da diclofenac suna iya sa ciki zubar jini su taɓa ƙoda, gara a kauce musu. In zafin ya fi ƙarfin farasitamol, a fara mofin kaɗan kaɗan, a haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko saboda mofin yana ɗaure ciki, a duba ƙoda tukuna domin mofin yana taruwa a jiki in ba ta aiki sosai. Tramadol yana yawan ƙara ruɗewa. Bayan awa ɗaya a sake aunawa a rubuta makin, in ba haka ba mai karɓar aiki da dare ba zai san ko maganin ya yi ba.

A Norway, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya gwada irin wannan tsari na mataki mataki a gidajen kula da tsofaffi, inda kusan rabin tsofaffi 352 suka samu tsarin. Cikin mako 8 tashin hankalin waɗanda suka samu tsarin ya ragu da kashi 17 cikin ɗari, kuma da aka janye maganin sai ya fara dawowa.

Kada a manta da 'yar da ke zaune a gefen gado. Ita ta san cewa in mahaifiyarta ta fara murza goshi da tafin hannu, to bayanta ne ya motsa. A tambaye ta tun ranar da aka ba da gado, a rubuta a saman fayil.